Malam Tersoo da Makarantar Sanyi ta Tumatir

A unguwar Bolewa, idan baƙo ya tambayi gidan Malam Tersoo, sai an yi dariya tukuna sannan a nuna masa. Ba dariyar raini ba ce. Mutum ne da Allah ya yi shi da zumuɗi, irin wanda idan ya ji sabon abu ba ya iya riƙe shi a ciki har shayinsa ya huce, sai ya samu wanda zai juye wa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga sanƙo tun yana saurayi, tafiyarsa kuwa kullum kamar an aiko kiransa.

Iyayensa 'yan Tibi ne daga Binuwai, amma a Potiskum aka yanke masa cibiya. Babansa Nicodemus aikin duba lafiyar dabbobi ya kawo shi kasuwar shanu, ya zo da niyyar ɗan taɓa aiki ya koma, garin ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Tersoo ya tashi cikin 'ya'yan Karai-Karai da Ngizim da Bolawa, har Hausarsa ta ɗebo karin harshen kowa. Idan ya je ganin dangi a Gboko ba ya minti nawa sai a fara tsokanarsa da ɗan Hausa, shi kuma ya kwana biyu ya fara ƙorafin cewa ba su iya miyar kuka ba.

Da ya girma ya zama malamin aikin gona a wata sakandare. Ɗalibai suna sonsa, domin darasinsa ba ya ƙarewa a aji: za a fara da allo, a ƙare kowa na tsugune a bayan makaranta yana leƙen saiwar wake. Ya auri Celina, 'yar garinsu mai ɗinki, suka haifi Olivia da ƙanenta. Har ya fara karatun digiri na biyu a jami'a, yana zuwa yana dawowa, kafin hanya ta lalace.

Abin da ya biyo baya babu daɗin faɗa. Harbe-harbe suka shigo gari, aka hana hawa babur, sojoji suka kafa shingaye a tituna, aka sa dokar hana fita tun kafin magariba. Maƙwabtansa 'yan kudu suka fara ɗaure kaya, yau wannan gobe wancan, har cocinsu ya koma ana ƙirga masu zuwa da ido ɗaya. Celina ta kwashi yara da tsohuwarsa suka tafi Gboko. Shi ya ce zai biyo baya idan an yi hutu. Aka yi hutun, aka ma rufe makarantun gaba ɗaya, Malam Tersoo yana nan daram. Gaskiyar magana ita ce bai san yadda ake zama a wani gari ba, kuma kunya ta hana shi faɗa.

Da babu aji, sai ya mai da lambun Muhammadu Lawan ajinsa. Ba Lawan, kamar yadda kowa ke kiransa, dogon dattijo ne mai noman rani a bayan unguwar Yindiski, ba ya magana sai ta zama dole, kuma tun Tersoo na yaro yake korarsa daga cikin fangalin albasa. Kullum da safe Tersoo zai hau keke ya je, ya riƙe masa tiyon ban ruwa, ya yi ta zuba. Ba Lawan ya ce «to», ya ce «uhm», rana ta yi.

A farkon sanyin shekarar Ba Lawan ya yi ƙorafi, abin da bai saba ba. Al'adar masu lambu ce idan an yafa irin tumatir ya tsiro, da yamma lis a rufe fangalin da zana, da safe a buɗe, don kada sanyin asuba ya dake shi. To ga dokar hana fita, ga babu babur. Dole mutum ya bar lambu tun rana na sama. Idan ya rufe da wuri tsiron ya rasa rana ya yi ta tsawon banza, idan bai rufe ba ganye ya yi shuɗi-shuɗi ya ƙanƙance, girma ya tsaya.

Tersoo ya saki tiyo, ruwa ya watsa masa a wando bai ma kula ba.

«Ba Lawan! Ai ƙananan RNA ne!»

«Su wane ne kuma? Sababbin sojoji aka kawo?»

«Wallahi kusan haka! Zauna ka ji.»

Ba Lawan bai zauna ba, amma wannan bai hana komai ba. A lacca ta ƙarshe da Tersoo ya halarta kafin ya daina zuwa jami'a aka yi musu bayanin abin, kuma tun ranar yake neman inda zai sauke shi. Ya ce a cikin kowane ganye akwai 'yan ɗakuna da ido ba ya gani, a kowane ɗaki akwai umarnin da tsiro ya gada daga iyayensa. Umarnin ba ya fita da kansa, kwafarsa ake yi a aika da saƙo: yi tsawo, buɗe ganye, tara zaƙi, gyara ɓarna. To akwai wasu 'yan guntaye, su ne ƙananan RNA, aikinsu tare saƙo a hanya. Su kama shi su yaga, ko su riƙe shi ya kasa isa. Da sanyi ya taɓa ganye, wasunsu su ƙaru, wasu su ragu. Saƙon da ke cewa a yi tsawo sai a tare shi, wanda ke cewa a kaurara ruwan jiki da zaƙi a kare kai sai a ɗage masa shinge ya wuce.

«Shingen soja a cikin tumatirina,» in ji Ba Lawan. «Su ma ɗaga hannu ake yi musu?»

«Dariya kake yi, amma ji nan. Idan sanyi ya faɗo wa tsiro bagatatan, kafin su shirya ya yi ɓarna. Idan kuwa ana ɗan ɗanɗana masa sanyi kaɗan-kaɗan tun yana ƙarami, sai ya saba, ranar da babban ya zo ya tarar da su a tsaye. Ba ni iri kawai. Ni zan rene su a gida, in koya musu sanyi, in kawo maka dashen da ba ruwansa da zana.»

Ba Lawan ya dube shi sama da ƙasa, ya kwance ƙullin leda ya zuba masa iri a tafin hannu.

Da yammar nan Celina ta bugo waya, kuma ba da wasa ta bugo ba. Ta gaji. Ta ce makaranta a rufe, coci babu kowa, me yake jira, sai an kawo mata labari? Tersoo, da yake bakinsa ya fi shi sauri, ya ce aiki ne a gabansa wanda duk Potiskum babu mai iya shi sai shi, ya fara yi mata bayanin ƙananan RNA. Ta bar shi ya kai tsakiya sannan ta katse.

«Baban Olivia, tsaya. Tumatirin nan naka, idan ya rayu, zauna har a buɗe makaranta, ba zan ƙara magana ba. Idan ya mutu, ka hau mota ka zo. Ka yarda?»

«Na yarda mana! Ai ba zai mutu ba.»

«Ga Mama nan kusa da ni, tana ji. Sake faɗa.»

Ya sake faɗa, tsohuwarsa ta shaida. Haka zamansa a garin haihuwarsa ya koma rataye a wuyan tsiron tumatir, shi kuwa ya kashe waya yana murna kamar an ba shi kyautar gida.

Ya tsaga tsofaffin jarkoki biyu-biyu, ya cika da ƙasa da taki, ya jera a tsakar gida. Iri ya tsiro kore shar. Kowace jarka ya raɗa mata sunan aji, har da wadda yake kira 'yan bayan aji saboda ba sa girma. Matsalar ɗaya ce: ina za a samu sanyin koyarwa? Ya gwada gindin randa, ya gwada jiƙaƙƙen buhu, duk sanyin bai kai ya kawo ba.

Nan ya tuna da Ya Hajaratu, bazawarar da ke sayar da zoɓo da kunun aya a shagonta na bakin titi. Tana da wata ƙatuwar firiza tun zamanin da ake samun wuta. Yanzu kuwa an daɗe rabon unguwar da ganin ƙwan lantarki ya kama, har yara sun mai da wayoyin layi wurin rataye tsummoki. Ƙanƙara take saye wurin mai janareta ta jefa a gindin firizar, ta zama akwatin sanyi kawai. Tersoo ya zura hannu ciki, ya lumshe ido, ya ce daidai da sanyin asubar lambu, kamar an auna.

«Malam, ciyawa za ka sa mini a cikin zoɓo?»

«Ɗalibai ne, Ya Hajaratu. Makarantar je-ka-ka-dawo. In kawo su da hantsi, in ɗauke su bayan azahar.»

«Ikon Allah. To kada su sha mini kunu.»

Ba wanda ya yi tunanin duba bayan firizar. Wayarta na nan a soke a bango, kamar ta kowace firiza da kowace fanka a garin. Mutumin Potiskum ba ya zare waya daga bango, domin zarewa kamar ya fid da rai ne.

Daga nan unguwa ta samu abin kallo. Kullum da hantsi Malam Tersoo zai fito da baro cike da jarkoki, an lulluɓe da tsohon zanen Celina, yana turawa yana yi musu magana. Tsakanin gidansa da shagon akwai shingen sojoji, kuma doka ce mai wucewa ya ɗaga hannu sama. To ta yaya mai tura baro zai ɗaga hannu? Ranar farko ya ɗaga, baro ya tsaya. Ya kama baro, aka daka masa tsawa. Ya ɗaga hannu ɗaya, baro ya karkace, 'yan bayan aji suka kusa kifewa. Wani soja ya matso a hankali ya ɗage zanen da bakin bindiga, ya ga ganye.

«Mene ne wannan?»

Kuskuren da sojan ya yi ke nan. Tersoo ya gyara tsayuwa ya fara daga 'yan ɗakunan da ido ba ya gani. Kafin ya kai ga yadda ake yaga saƙo, layi ya taru a bayansa, kowa hannu a sama, sojan kuma yana neman hanyar tsira. Tun daga ranar, da sun hango sanƙonsa suke ɗage masa shinge tun daga nesa suna cewa, «Ticha, wuce, wuce, mun gane!»

Kuma abin ya fara aiki, ko dai a ce ya yi kama da mai aiki. Tsiron ya daina tsawon banza, kara ya yi kauri, ganye ya yi duhu. Tersoo ba shi da na'urar da zai ga ko RNA ɗaya, amma a ransa yana ganinsu tsaye a layi. Ya kai wa Ba Lawan jarka guda ya gani. Dattijon ya murza kara tsakanin yatsu, ya ce «uhm» mai tsawo, irin wanda bai taɓa yi ba. Tersoo ya dawo gida a kan keke yana waƙar coci da ƙarfi, har ya wuce ƙofar gidansa.

Ana cikin haka, wata Talata da hantsi ya sa ɗalibansa duka a firiza. Ya Hajaratu ta ce za ta leƙa suna a garin Nangere ta dawo kafin azahar, ta kulle shago, ta ɗaure makulli a haɓar zane. Ba ta daɗe da tafiya ba aka ji ƙarar bindiga daga wajen kasuwa. Kowa ya ruga gida. Kafin la'asar sanarwa ta zagaya cewa ba shiga ba fita, dare da rana, sai abin da hali ya yi. Tersoo bai damu sosai ba. Ƙanƙarar gindin firiza narkewa za ta yi, yaran za su ɗan sha duhu, shi ke nan.

Sai ga wani abu da ba a taɓa tsammani ba. Fankar ɗakinsa ta yi ƙara, ta motsa, ta fara juyawa.

«An kawo wuta!»

Ihun ya tashi daga Bolewa kamar an ci ƙwallo. Mutanen da ɗazu suke kwance a ƙasa don tsoro suka miƙe suna guɗa. Rediyoyi suka kama, talabijin suka kama, kowane soket aka cusa masa waya. Malam Tersoo ya fi kowa. Ya sa wayarsa caji, ya kunna kaset, ya jawo dutsen guga ya goge rigunansa kaf, ya goge zanen gado, ya goge labule, har safa ya goge. Ya taka rawar Tibi shi kaɗai a tsakar gida, yana karya kafaɗa, maƙwabcinsa Bunu tela yana leƙowa ta katanga yana tafa masa. Wutar kuma ta ƙi tafiya. Aka kwana da ita, aka tashi da ita.

Da safe Bunu ya miƙo masa kofin ruwa ta saman katanga, yana alfahari.

«Malam, sha ka ji! Daga firjina. Har ya fara ƙanƙara!»

Tersoo ya kai kofin baki, wata 'yar ƙanƙara ta taɓa masa haƙori. Ya tsaya. Ya dubi kofin, ya dubi inda jarkokinsa suka saba zama. Sai ya tuna firizar Ya Hajaratu ma a soke take a bango.

Ya buga wa Ya Hajaratu waya. Tana Nangere, doka ta rutsa da ita, makulli na haɓar zanenta, kuma murna take yi da jin an kawo wuta, zoɓonta ba zai lalace ba. Ya leƙa ƙofa, titi wayam sai motar sojoji. Ya roƙi Bunu a aika ta katanga-katanga har gidan da ke jikin shagon, ko za su yanke wayar da ta shiga ciki. Saƙo ya tafi lafiya, amsa ta dawo lafiya: mai gidan ya ce layinsu ɗaya da shagon, kuma duk wanda ya taɓa masa waya a wannan rana sai dai a raba su a lahira.

Abin da ya rage masa addu'a ce. Ya durƙusa a tsakar gida cikin gogaggiyar riga, ya ɗaga murya yana roƙon Ubangiji ya sa a ɗauke wuta. A duk faɗin Potiskum shi kaɗai ne mai wannan roƙo, kuma unguwa ta ji shi.

«Malam Tersoo, ka ji tsoron Allah!» wata mata ta ƙwala daga bayan katanga. «Markaɗe nake yi!»

«A'uzu billahi! Ku ce ba amin ba!» in ji Bunu.

Nan fa aka shiga gasar addu'a, shi yana ja, unguwa na ja, yara na dariya har da faɗuwa. Unguwa ta yi nasara. Wutar ba ta ko ƙifta ba sai da aka sassauta doka.

Ya Hajaratu ta buɗe shago, Tersoo na bayanta, rabin unguwa na bayansa. Ta ɗaga murfin firiza, hayaƙin sanyi ya taso. Ga ɗalibai nan a jere, kowane ganye a tsaye ƙyam, fari fat da ƙanƙara, sun yi kyau fiye da kullum. Wani ya ce ai ga su nan da ransu. Tersoo kuwa ya san abin da aka koya masa: tumatir ɗan ƙasar zafi ne, ana iya saba masa da sanyi, amma babu RNA da ke tare ƙanƙara. Duk da haka ya fito da su rana, ya tsuguna a gabansu yana jira. Kafin hantsi ya ɗaga suka narke, suka yi baƙi, suka kwanta a kan ƙasa kamar dafaffen alayyafo. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

A nan bakin shagon ya kira Celina, tun kafin zuciyarsa ta ba shi wata shawara. Ya ba ta labari tiryan-tiryan, bai rage komai ba, har gugar safa da addu'ar. Ta yi dariya har ta sarƙe, ya ji tana maimaita wa tsohuwarsa, ita ma ta kama. Da ya ji dariyar ta yi yawa sai ya fara sa rai, wataƙila a yafe.

Dariyar ta lafa. Ta yi ajiyar zuciya.

«Sannu, Baban Olivia. Wallahi na tausaya maka. Akwai mota ranar Asabar.»

Ya ce to.

Washegari ya hau keke zuwa Yindiski, a hankali, abin da ba a san shi da shi ba. Ba Lawan na tsaye a bakin fangali yana juya ruwa, labari kuma ya riga ya iso shi. Da ya hango Tersoo sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi ta ƙoƙarin riƙewa, ya kasa, ya fashe da dariya har ya dafa fartanya. Shekara da shekaru Tersoo bai taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

«Ka dafa mini iri da ƙanƙara! Kai, Tersoo, Allah ya shirye ka.» Ya share ido da hannun riga. «To ba komai. Ɗauko jarkokin nan naka. Ga nawa dashen ya isa cira, mu cika su da shi, ka ɗauki hoto ka aika wa matarka. Wa zai gaya mata? Ni dai ban ga komai ba.»

Tersoo ya dubi fangalin, kore shar, iri ɗaya da nasa sak. Da zai yiwu.

«Na riga na gaya mata, Ba Lawan. Jiya.»

«Duka?»

«Duka. Asabar zan tafi.»

Dariyar ta bar fuskar dattijon. Ya juya baya ya toshe bakin wani fangali da ƙasa, ya buɗe na gaba, ya tsaya yana kallon ruwa na shiga.

«Kai da bakinka,» in ji Ba Lawan can, bai waiwayo ba, muryarsa ta dushe. «Ba ka iya bari in fara ji ba? Shekara nawa ban yi ƙarya ba, na shirya yin guda ɗaya saboda kai, ka hana ni.»

Tersoo ya sunkuya ya ɗauki tiyon ya riƙe masa. Suka yi ban ruwa har rana ta karkata, fangali bayan fangali, ba wanda ya ce lokacin tashi ya yi.